Tiyatar Ƙaba ta Ƙaramin Huji ga Jarirai

Tun jariri namiji yana cikin mahaifa 'ya'yan marainansa suke gangarowa zuwa mazauninsu ta wata 'yar hanya wadda ya kamata ta rufe a bayansu. Idan kuwa Allah bai nufe ta da rufewa ba, sai hanji ya riƙa bin ta, uwa ta ga kumburi a matsematsin ɗanta duk sa'ad da ya tsananta kuka. Wannan ita ce ƙaba, ta fi addabar bakwaini, kuma abin tsoro a cikinta shi ne hanjin ya maƙale har jini ya daina kai masa. Al'adar likitoci tun zamanin Ladd da Gross na Boston ita ce a ɗan tsaga fata a ɗaure bakin hanyar. Amma daga ƙarshen shekarun 1990 sai wasu suka koma zura siririyar kyamara ta cibiya, bayan an hura iska a cikin, har Patkowski na ƙasar Folan ya bayyana a 2006 yadda allura ɗaya da zare suke isar da aikin.

Wajen fifita sabuwar hanya ana yawan kafa hujja da ƙarancin tabo, alhali tabon tsohuwar hanya ma ɓacewa yake a lanƙwasar fata. Sababi na haƙiƙa, a nawa fahimtar, shi ne idon kyamara yana ganin matsematsin dama da na hagu a lokaci guda, ya kuma nisanta hannun likita daga bututun maniyyi da jijiyoyin jini, waɗanda a jikin jariri ba su wuce kaurin zare ba. In an tarar da ɗaya ɓangaren a buɗe, sai a ɗinke shi nan take, a hutar da iyaye fargabar tiyata ta biyu.

To, a nan shubuha take, domin ba kowace kafa ce take zama ciwo ba: jariran da ake gani da kafa a ɗaya ɓangaren sun ninka waɗanda ƙaba za ta fito musu daga baya, ma'ana ana ɗinke da yawa waɗanda da an bar su da ba su taɓa kokawa ba. Ban ɗauki wannan a matsayin ƙaramar mas'ala ba, ko da ɗinkin na 'yan mintoci ne.

Sa'an nan sabuwar hanya galibi tana wajabta cikakken maganin barci, ita kuwa tsohuwar tana yiwuwa da allura a gadon baya. Hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2016 game da dogon barci ko maimaita shi ga yaro ƙasa da shekara 3; sai dai binciken GAS, wanda ya bi jarirai 722 masu ƙaba, ya nuna a 2019 cewa barcin da bai kai awa guda ba bai rage musu kaifin basira ba da suka cika shekara 5.