A Yi Hattara Da Masu Taɓa Ƙwaƙwalwar Mota

Duk wanda ya daɗe bai shiga kasuwar Ladipo ta Mushin a nan Ikko ba, in ya koma yanzu zai tarar da wata sana'a wadda da can babu ita. A tsakanin rumfunan masu sayar da kayan mota akwai samari waɗanda ba su riƙe sifana ko guduma, ba su kuma kwanciya a ƙarƙashin mota. Kayan aikinsu duka bai wuce jaka guda ba, watau ƙaramar kwamfuta ko wayar hannu, da wata igiya mai faffaɗan kai. Sai su buɗe ƙofar direba, su durƙusa, su soka igiyar a wata kafa da ke ƙarƙashin sitiyari, su yi 'yan danne-danne. Kafin mai mota ya gama gaisawa da mutane, an sauya wa motarsa hali.

Tsofaffin direbobi ba su taso da wannan ba. A zamanin Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna cikin 1975, da Volkswagen da ake haɗawa a Ojo kan hanyar Badagry, bakanike da kunnensa yake gane ciwon mota. In ta yi tari ya wanke kafireta, ya goge filogi, shi ke nan. Motar yau kuwa tana ɗauke da ƙananan kwamfutoci, wata ma fiye da 50, kowace da aikinta. Akwai ta inji, da ta giya, da ta birki, da ta ƙofofi da fitilu. Su ne kanikawa ke kira ƙwaƙwalwar mota. Kafar nan ta ƙarƙashin sitiyari mai ramuka 16, wadda ake kira OBD, ita ce ƙofar shiga wurinsu. Gwamnatin Amurka ce ta tilasta a sa ta a kowace ƙaramar mota tun daga 1996, don a riƙa binciken hayaƙin da motoci ke fitarwa. Ƙasashen Turai suka bi sahu a 2001 ga motocin fetur, sa'an nan na dizal a 2004.

Aiki iri uku ake yi ta wannan kafa, kuma ya kamata mai mota ya san wanda ya biya kuɗi a yi masa. Na farko karatu ne kawai: na'ura ta tambayi mota abin da ke damunta, motar ta ba da lamba, alal misali P0300, wadda ke nuna wuta ba ta kamawa daidai a cikin inji. Na biyu shi ne saiti, watau zaɓe daga cikin abubuwan da kamfani ya riga ya ajiye a cikin ƙwaƙwalwar. Na uku shi ne goge umurnin da kamfani ya rubuta a sa wani, wannan kuwa shi ne mai haɗari.

Dalilin da ya sa saiti ke yiwuwa shi ne kamfani ba ya ƙera ƙwaƙwalwa dabam don kowace ƙasa. Iri ɗaya yake sawa a motar da za ta Kanada da wadda za ta Jamus, sai ya kunna abin da dokar ƙasar ko kuɗin mai saye ya kai, ya kashe saura. Kowane gida da makullinsa: masu Volkswagen da Audi suna amfani da VCDS ko OBDeleven, Toyota da Lexus suna da Techstream, masu Ford suna da FORScan, masu BMW kuma BimmerCode. Na'urorin Launch da Autel da suka cika garejoji suna taɓa kowace mota kaɗan-kaɗan.

Ga mutanenmu mazauna Kudu wannan ba wasan yara ba ne, domin yawancin motocin da ake saye a nan tokunbo ne, waɗanda a gida ake ce wa 'yan Kwatano, kuma an ƙera su ne don wata ƙasa dabam. Motar da ta sauka a Apapa daga Amurka da mil take lissafi. Mil ɗaya ya ɗara kilomita ɗaya da rabi. Direban da ya ga allura a kan 80 ya ɗauka yana tafiya a hankali, alhali kuwa yana dab da kilomita 130 a awa, ga shi iyakar da doka ta yanka wa ƙaramar mota a babbar hanya 100 ce. Haka nan in dillali ya ce mota ta ci 150,000, sai a tambaye shi na mene ne, don in mil ne, ta haura kilomita 240,000. A motoci masu allon lantarki saiti na mai da lissafin duka zuwa kilomita, amma lambobin da aka buga a jikin maleji ba kwamfutar da za ta sauya su.

Har wa yau akwai rediyo. Na Amurka tsalle yake yi daga 99.3 zuwa 99.5, ba ya tsayawa a tsakani, saboda haka akwai tashoshin da ba zai kama sosai ba sai an sauya masa ƙasa. Motar Jamus kuma takan zo tana rubutu da Jamusanci, mai ita na ganin gargaɗi bai san abin da ake gaya masa ba. Ana iya sa ƙofofi su kulle da kansu da zarar mota ta tashi, abin da duk wanda ya taɓa tsayawa a gosulon Oshodi da dare ya san amfaninsa. Ana iya sa gilasai su rufe da rimot. Waɗannan duka ba laifi, in wanda ya san aikin ne ya yi.

Amma igiyar da ke wannan gyara ita ce kuma ke rufe wa mota baki. Abin da aka fi nema a kashe shi ne ƙarar nan da ke damun direba in bai ɗaura bel ba. A motoci da yawa minti biyu ya isa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara kama marasa bel tun 2003, kuma kashe ƙarar bai ɗauke tarar ba, balle ya hana ƙirji dukan sitiyari.

Na biyu shi ne fitilar inji mai launin ruwan lemo. A cikin salansa akwai wani abu mai ramuka da kanikawan Ikko ke kira indomi, aikinsa tace hayaƙi. Da yake akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa, akan fasa a cire a sayar, wani lokaci mai mota bai ma sani ba. Da an cire, mota za ta kunna fitila ta ba da lamba P0420. Maimakon a mai da abin da aka cire, sai a shiga ƙwaƙwalwa a hana ta duba wurin. Akwai ma masu cire ƙwan fitilar ko su liƙe ta da baƙin tef ta bayan gilashi. To, ranar da wata cuta ta gaske ta taso, mota ba ta da bakin faɗa.

Mafi muni shi ne jakar iska, wadda ke fashewa ta tare direba in an yi karo. Da yawa daga motocin da ake shigowa da su daga Amurka sun yi haɗari ne a can, kamfanonin inshora suka yi gwanjonsu. Sabuwar jaka tana da tsada. Sai a ɗinke sitiyari babu komai a ciki, a maƙala wani ɗan ƙaramin abu a waya don ƙwaƙwalwa ta zaci jakar na nan, a goge labarin haɗarin da na'ura. Mota ta sha fenti tana ƙyalli a Berger. Mai saye ya kwashi iyali lokacin Sallah, ya kama hanyar Badun da Ilori da Jebba, tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa Kano, yana zaton akwai abin da zai tare shi. Da irin wannan na'ura kuma ake mai da maleji baya, tsohuwa ta koma budurwa.

Akwai gwajin da ba ya bukatar ko kwabo. Mai saye ya murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kamawa, kada ya tayar da inji. Wajibi ne fitilar inji da ta jakar iska da ta birkin ABS duk su kama. Ta jaka da ta birki za su mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi, ta inji kuwa sai an tayar. Wadda ba ta kama ba sam, an taɓa ta. Bayan haka ya zo da nasa mai na'ura, ba na dillali ba. In an goge lambobin cuta da safiyar ranar, na'ura za ta nuna cewa mota ba ta gama gwada kanta ba, domin sai ta yi tafiya mai ɗan nisa kafin gwajin ya cika. Wasu motocin Jamus kuma suna ajiye lissafin tafiyarsu a wuri fiye da ɗaya, wanda ya rage a maleji yakan manta da sauran. Lambar mota mai haruffa da alƙaluma 17 da ke gindin gilashin gaba ita ma tana fito da tarihin motar Amurka a intanet, sau da yawa har da hotunan ranar gwanjo.

Shi kuma mai son a yi masa saiti na halal, ya tabbata an adana yadda motar take tun farko kafin a taɓa komai, a kuma riƙa sauya abu ɗaya-ɗaya. Batir ya zama da ƙarfi, don in wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu, ƙwaƙwalwa na iya mutuwa, mota ta ƙi tashi a wurin, sai an nemo wata an haɗa ta da makulli. Igiyoyin jabu masu araha sun jawo wa mutane irin wannan asara.

Su kansu kamfanonin sun fara toshe ƙofar. A 2015 wasu masu bincike biyu a Amurka suka nuna za su iya sarrafa Jeep Cherokee daga nesa tana cikin tafiya, abin da ya sa aka kira motoci miliyan 1.4 don gyara. Daga 2018 kamfanin ya sa wa sababbin motocinsa shinge, ba mai sauya komai sai na'urar da ke da rajista, Volkswagen ma ta yi haka wajen 2020. Amma motocin da suka cika Berger da Agege da Sabon Badun galibi sun girmi wannan shinge, kafarsu a buɗe take ga duk mai igiya.