Kafin Ka Sayi Kan Famfon Banɗaki

Mai karatu, a wannan fitowa ina so in yi tsokaci a kan wani ƙaramin abu wanda ba a cika tunawa da shi ba sai ranar da ya fara yoyo, wato kan famfon banɗaki. Mafi yawan mutane idan sun shiga kasuwar kayan gini, kamar Odunade da ke Legas ko Dei-Dei da ke Abuja, ƙyalli suke bi. Ni a ganina, tambayar farko ita ce: daga ina ruwan gidanka yake zuwa?

Dalili kuwa, gidaje da dama a ƙasar nan ba su dogara da ruwan gwamnati ba. Rijiyar burtsatse ake haƙawa, inji ya tura ruwa cikin tanki, daga nan ya gangaro da kansa. Saboda haka ƙarfin ruwan ya danganta ne ga tsawon da ke tsakanin tankin da bakin famfo. Ana auna wannan ƙarfi da ma'aunin da ake kira "bar", kuma tsawon mita 10 ne ke ba da kimanin bar 1. Ke nan tankin da ya ɗara famfo da mita 3 kacal, bar 0.3 yake bayarwa. Da yawa daga cikin famfunan waje masu haɗa ruwan zafi da na sanyi an ƙera su ne don ruwa mai ƙarfin bar 1 ko fiye. Idan aka ɗaura irinsu a gidan da tankinsa bai yi sama sosai ba, sai ruwa ya riƙa zuwa siriri, a yi ta zargin mai gyaran famfo alhali ba laifinsa ba ne. A duba jikin kwali, galibi akan rubuta ƙarfin da famfon yake bukata.

Sai kuma ƙarfen da aka yi shi da shi. A kanti duk ƙyallinsu ɗaya, domin shafe ne aka yi musu. Na tagulla ya fi ƙarko, kuma yakan fi nauyi a hannu. Mai arha, wanda aka yi da gaurayen ƙarfe, yakan tsage a wajen zarensa lokacin ɗaurawa. A leƙa cikin zaren: launin rawaya alama ce ta tagulla, ko da yake wasu sukan rina shi don yaudara. Girman zaren a yawancin gidajenmu rabin inci ne.

Ta fuskar abin da ke tsayar da ruwa, famfo iri biyu ne. Akwai na da, wanda ake murɗawa sau da yawa, mai 'yar roba a ciki. Idan ta cinye, canza ta ba shi da tsada. Akwai kuma na zamani mai faifan tangaran, wanda murɗawa kaɗan ta ishe shi. Wannan ya fi daɗin aiki, musamman ga tsofaffi da yara, amma yashi maƙiyinsa ne, ga shi kuwa ruwan burtsatse ba ya rasa yashi. Wanda ya zaɓe shi ya sa matata a bututun da ya fito daga tanki.

Kada a raina ɗigo. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa famfon da ke ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa yana zubar da fiye da galan 3,000 a shekara, wato sama da lita 11,000. Wannan ya kai jarka 450 mai lita 25. Duk wanda yake sayen ruwa a hannun mai ruwa, ko yake zuba fetur a janareta don cika tanki, ya san kuɗin.

Akwai abu guda da masu sayarwa ba sa faɗa, wato bokiti da buta. Yawancinmu da bokiti muke wanka, don haka famfon bango mai ɗan dogon baki ya fi dacewa da mu. Ranar ɗaurawa a kawo bokitin gidan a ajiye a wurin, a gwada tsawonsa kafin a fasa bango.