Lambatu Ba Bola Ba Ne: Kira Ga Mutanen Gwammaja

Da zarar hadari ya haɗu, iska ta fara kaɗawa, sai ka ga yara suna fitowa daga lungunan Gwammaja ɗauke da bokitai da buhunan shara. Ba bola za su ba. Aiko su aka yi su juye a lambatu, wai ruwa ya tafi da ita. Ledar fiya wata, robar lemo, tsumma, tokar murhu, har da mushen kaza. Uwar gida ta ga tsakar gidanta fes, hankalinta ya kwanta. To ina sharar za ta? Iyakarta kwalbatin farko. Nan za ta cushe, ruwa ya rasa hanya, ya kutsa zauren maƙwabci, ya ci gindin katangar ƙasa, ya cika masai har ƙazanta ta malala cikin rijiya. Bayan 'yan kwanaki amai da gudawa ta ɓarke, kowa ya ce ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara, amma da hannunmu muka miƙa wa yaron bokitin.

Ga kuma kududdufai. Magabatan da suka haƙi ƙasar gina birni sun bar ramukan nan suna shanye ruwan damina. Mu kuwa mun cike su da juji, mun yanka filoti, mun ɗora bene. Ruwan da ke gangarowa daga wajen Dala yana neman rafin Jakara bai san takardar fili ba.

Abin haushin shi ne, ɓarna na aukuwa sai ido ya koma kan tallafi: hukumomin agajin gaggawa NEMA da SEMA su kawo shinkafa, tabarma da kwanon rufi, a yi layi, a yi rigima kan sunaye, baɗi a maimaita. Su kansu masu ba da agajin sun ga rabon kaya kowace shekara ba ya fisshe mu, shi ya sa suka karkata ga aikin da zai sa gari ya iya tsayuwa in masifa ta dawo. A watan Disamba na 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL a jihohin Arewa 19 da Abuja, har da Kano, domin yaƙar zaizayar ƙasa, dasa itatuwa da gyara hanyoyin ruwa. Mutane da yawa sun ɗauka kyauta ce. Bashi ne, kuma 'ya'yanmu ne za su biya. Ina amfanin a ci bashi a gina magudana, mu bi ta da leda mu toshe?

Kyautar ma tana ja da baya. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji, USAID, Birtaniya kuma ta sanar da rage kuɗin agajinta. Masifun kuwa suna nan. Kwalarar 2021 ta kashe fiye da mutum 3,000 a Nijeriya, Kano na cikin jihohin da ta fi yi wa illa, ambaliyar 2022 kuma ta ci rayuka sama da 600.

Hukumar NiMet kan fitar da hasashen damina tun farkon shekara, saboda haka babu batun ba-zata. A yashe lambatu tun cikin Afrilu, kafin ruwan farko. In an yashe, don Allah a kwashe! Wannan ɗabi'a ta tara dagwalo a bakin kwata, ya yi mako biyu har ruwa ya mayar da shi inda aka ciro shi, wahalar banza ce. 'Yan layi su haɗa kuɗin mai baro ya kai shi inda motar hukumar kwashe shara ta REMASAB ke ɗauka. Mai shagon da ya rufe lambatun ƙofarsa da kankare ruf, ya fasa ya bar murfin da za a iya ɗagawa. Asabar ɗin ƙarshen wata kuma ta tsaftar muhalli ce, ba ta ramuwar barci ba.

Masu unguwanni, limamai da kansila, ku yi magana tun hadari bai haɗu ba. Ke kuma Hajiya, in kin ga gari ya yi duhu, ki ajiye sharar nan a buhu har mai baro ya zo.