YADDA AKA BI SAWUN BUHUNAN HULBA DAGA MASAR ZUWA JAMUS

A farkon watan Mayu na shekarar 2011, gidajen likita na arewacin ƙasar Jamus, musamman na birnin Hambur, suka fara cika da masu zawo da jini. Abin ya ɗaure wa likitoci kai. Irin wannan ciwo yara ƙanana ya saba kamawa, amma a wannan karo manya ne ke kwance, kuma mata sun fi yawa. Da dama daga cikinsu ƙodarsu ta daina aiki, sai da aka sa su bisa injin wankin jini. Ba a daɗe ba aka gane ƙwayar cutar: wani iri ne na E. coli mai lamba O104:H4, wanda ba a cika gani ba. Sauran aiki shi ne a san cimakar da ta kawo ta.

Ƙasashen Turai suna da wata yarjejeniya tun 1979, wadda ake kira RASFF. Duk ƙasar da ta ga abin cutarwa cikin cimaka, wajibi ne ta sanar da sauran nan take. Wata doka ta 2002 kuma ta tilasta wa kowane ɗan kasuwa ya rubuta wurin wanda ya sayi kayansa, da wanda ya sayar wa. Taki ɗaya baya, taki ɗaya gaba. Ba wanda ya san hanyar duka, amma in an haɗa takardun kowa, hanyar takan fito.

GAGGAWA TA JAWO HASARA

Ran 26 ga Mayu, magabatan kiwon lafiya na Hambur suka ce sun ga ƙwayar cuta a jikin kokwamba, wato gurjin Turawa, da aka kawo daga Sipaniya. Labarin ya bi waya ya game Turai cikin yini guda. Bayan ƴan kwanaki awo ya nuna ba ita ce ƙwayar da ke kashe mutane ba. Amma magana zarar bunu ce. Jama'a sun riga sun ƙaurace wa kokwamba da tumati da salati, manoma suna zubar da amfanin gonarsu, ƙasar Rasha ta rufe ƙofarta ga ɗanyen kayan lambu na Tarayyar Turai. Daga baya Tarayyar ta ware yuro miliyan 227, kusan miliyar 149 na kuɗin sefa, domin rage wa manoma hasara. Da wuya a zargi wanda ya yi kashedi alhali mutane suna mutuwa. Laifin shi ne an kama sunan ƙasa kafin awo ya ƙare.

A gefe guda kuwa wani aiki yana tafiya. Likitocin jami'ar Hambur sun aika da ƙwayar zuwa wani gidan bincike, BGI, a birnin Shenzhen na ƙasar Sin. Ran 2 ga Yuni aka saka bayanin tsarin halittarta a intanet kyauta, ba a jira an buga shi cikin littafi ba. Masana na Ingila da Sipaniya da Amurka da wasu ƙasashe suka ɗauka, kowa ya duba ya mayar da abin da ya gani. Cikin ƴan kwanaki aka san danginta da magungunan da ba su cin ta.

Sai dai sanin ƙwaya bai nuna akushin da ta fito ba. Da aka tambayi marasa lafiya abin da suka ci, kusan tara cikin goma sun ce kokwamba. Ɗaya cikin huɗu kaɗai ya tuna da ɗanyen tsiro. Wannan tsiro Turawa suna samun sa ne ta hanyar jiƙa iri cikin ɗumi har ya tsage, sa'an nan a barbaɗa shi bisa abinci ba tare da dahuwa ba. Wa zai tuna da barbaɗe bayan sati biyu? Saboda haka ma'aikatan cibiyar Robert Koch suka sake dabara. Suka je wani gidan abinci inda mutane da yawa suka kamu, suka karɓi takardun abin da kowa ya saya, suka tambayi kuku abin da yake zubawa cikin kowane kwano. Cikin mutum 152, 31 sun kamu, kuma dukansu an ba su tsiro. Wanda ba a ba shi ba, ko ɗaya bai kwanta ba.

Daga nan aka bi takardun masu kai kaya. Wurare 41 da cutar ta ɓulla duka suka koma ga gona guda a ƙauyen Bienenbüttel. Ran 10 ga Yuni hukuma ta bayyana cewa tsiro ne, ta wanke kokwamba. To amma gonar tana jiƙa iri kala-kala. Wanne ne daga ciki?

AMSA TA FITO DAGA FARANSA

Ran 8 ga Yuni an yi wani biki a gidan renon yara na garin Bègles, kusa da Bordo. Wajen mutum goma sha biyar suka kamu da ƙwaya iri ɗaya da ta Jamus, alhali ba abin da ya zo masu daga waccan gona: a nan aka jiƙa irin, daga ƙananan ƙunshi na giram 50 da aka saya a kanti. Hukumar lafiyar cimaka ta Turai, EFSA, ta tara ma'aikatan ƙasashen, kowa ya kawo takardunsa aka jera. Iri guda ne ya haɗa wuraren biyu: hulba, wannan dai da ake sayarwa a kasuwannin Maradi da Damagaram. Mai karatu kada ya tsorata da ita. A can ɗanyen tsironta aka ci, kuma ɗumi da laimar da ke tsirar da iri su ne ke hayayyafa ƙwayar.

Takardun sun nuna kaya guda mai lamba 48088, tan 15, wanda ya bar Masar cikin jirgin ruwa a ƙarshen 2009 zuwa wurin wani ɗan kasuwa na Jamus. Shi ya rarraba shi. Kilo 75 kacal suka isa gonar Bienenbüttel. Wani kashi ya bi ta Ingila, aka ƙulla shi ƙanana, ya shiga kantunan Faransa. Ran 5 ga Yuli aka hana shigo da irin daga Masar, aka kuma umarci a janye abin da ya rage.

Ran 26 ga Yuli Jamus ta ce annobar ta ƙare. Mutum fiye da 3.800 sun kamu a ƙasar, 53 sun rasu. Gwamnatin Masar ba ta yarda da zargin ba, kuma tana da abin faɗa, domin duk awon da aka yi ba a taɓa kama ƙwayar a jikin irin ba. Hukuncin ya tsaya ne bisa takardu da haɗuwar hanyoyi biyu. A 2013 Tarayyar Turai ta kafa doka cewa duk irin da za a jiƙa domin ci, sai ya zo da lambar kaya da takardar shaidar inda ya fito.