Idon Hagu, Hannun Dama: Matsalar da Kan Tari Kuratan 'Yan Sanda a Filin Harbi na Kuala Lumpur

A kan titin Sultan Yahya Petra da ke birnin Kuala Lumpur, wanda har zuwa shekarar 2014 ake kira titin Semarak, akwai wani makeken bariki da mutanen ƙasar Malesiya ke kira Pulapol, watau makarantar horar da 'yan sanda mafi daɗewa a ƙasar. Turawan mulkin mallaka na Ingila ne suka kafa ta a shekarar 1904 a kan tudun Bukit Aman, inda hedkwatar 'yan sandan ƙasar take a yau, kafin daga bisani a mai da ita mazauninta na yanzu a 1940. A wancan zamani, sunan titin kansa a Turance na nufin hanyar filin koyon harbi.

Akasarin samari da 'yan matan da kan shiga wannan bariki domin horon kurata na watanni shida ba su taɓa riƙe bindiga ba a rayuwarsu. Dalili kuwa shi ne dokar makamai ta 1960, da kuma wadda aka ƙara tsananta hukuncinta a 1971, sun sa mallakar bindiga a Malesiya abu ne mai wuyar gaske ga farar hula. Saboda haka ranar da aka fara kai kurtu filin harbi, ita ce ranar da yakan fara gano wasu abubuwa game da jikinsa waɗanda ya shekara ashirin bai sani ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne cewa idanunsa biyu ba matsayinsu ɗaya ba.

Kamar yadda mutum ke da hannun da ya fi amfani da shi, haka yake da idon da ƙwaƙwalwarsa ta fi amincewa da shi wajen auna inda abu yake. Wannan ba ya nufin ɗaya idon yana da lahani. Sau da yawa ma duka biyun garau suke. Wani masani ɗan ƙasar Italiya, Giovanni Battista della Porta, ya yi bayanin wannan hali tun a shekarar 1593. Abin da ke jawo matsala shi ne ido da hannu ba kullum suke zama a gefe guda ba. Kimanin mutum tara cikin goma na amfani da hannun dama ne, amma wani nazari da aka wallafa a 1996, wanda ya tattara sakamakon bincike masu yawa, ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na masu hannun dama idonsu na hagu ne ke da rinjaye. Ke nan a kowane rukuni na kurata da suka jeru a gaban allunan harbi, akwai da dama waɗanda hannunsu ke riƙe da bindiga a dama, alhali idon da ke jan ragamar ganinsu yana hagu.

To, me ke faruwa idan irin wannan kurtu ya ɗaga bindiga? Tsakanin ƙwayar ido da 'yar'uwarta akwai tazarar kimanin santimita 6. Kan bindiga kuwa, inda ɗan tsinin saiti na gaba yake, yakan kasance kimanin santimita 60 daga fuska. Idan bindigar na daidai da idon dama, amma idon hagu ne ya ɗora tsinin nan a kan abin da ake son harbi, lissafi ya nuna cewa harsashin zai kauce zuwa hagu da kusan mita guda a nisan mita 10 kacal. Kurtun zai rantse cewa ya saita daidai, kuma ba ƙarya yake yi ba. Malamin da bai lura ba kuwa sai ya ɗauka tsoro ne, ko fizgar kunamar bindiga, ko rashin mai da hankali, ya shiga yi masa tsawa kan laifin da ba shi da hannu a ciki. Masu iya magana kan ce ido ba mudu ba, ya san kima. Amma a nan idanu biyu ne kowanne da tasa kimar.

Abin takaicin shi ne gano wannan hali ba ya ɗaukar ko minti guda, kuma ba ya bukatar likita. Mutum zai miƙa hannayensa biyu gaba, ya haɗa tafukansa ya bar 'yar ƙaramar kafa a tsakani, ya leƙa wani abu mai nisa ta cikinta da idanu biyu a buɗe, sannan ya riƙa rufe ido ɗaya bayan ɗaya. Idon da abin ya ci gaba da bayyana a gare shi ta cikin kafar, shi ne mai rinjaye. Wannan gwaji na ɗauke da sunan Walter Miles, wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka. Duk yaron da ya taɓa harbin tsuntsu da danƙo a bayan ganuwar Kano ko a karkarar Maraɗi ya yi makamancinsa ba tare da ya san sunansa ba.

Game da ƙaramar bindiga, irin su Walther P99 da Glock waɗanda 'yan sandan Malesiya suka yi amfani da su bayan tsofaffin libarba ƙirar Smith & Wesson, maganin ba shi da wuya. Tun da yake bindigar na can gaba a ƙarshen hannuwa, ba ta jingine da jiki ba, mai harbi zai iya gusa ta kaɗan zuwa ƙarƙashin idon hagu, ko ya ɗan karkata haɓarsa zuwa dama har idon ya zo daidai da saiti. Kuben bindigar na nan a ƙugun dama, hannun da ya saba aiki shi ke zare ta, ba abin da ya sauya sai tazarar 'yan yatsu.

Doguwar bindiga ce ke da gardama. Ita dole a kafa gindinta a kafaɗa, a kwantar da kunci a kanta, kuma idon da ke gefen wannan kafaɗa shi kaɗai ne zai iya leƙa saitin yadda ya kamata. Kurtu mai idon hagu da ya kafa bindiga ƙirar M16 a kafaɗar dama yakan tsinci kansa yana miƙa wuya, yana ƙoƙarin tsallake gindin bindigar da fuskarsa domin idon hagu ya kai, abin da ke lalata tsayuwarsa baki ɗaya. Wani bincike da aka wallafa a 1996 kan kuratan soja 308 a sansanin Fort Benning da ke jihar Jojiya ta Amurka ya gano cewa kashi 86 cikin 100 na waɗanda ido da hannunsu ke gefe guda sun ci jarrabawar harbi da doguwar bindiga, yayin da na masu saɓanin ido da hannu bai wuce kashi 57 ba. Wannan ba ƙaramin giɓi ba ne ga saurayin da samun aikinsa ya rataya a kan wannan jarrabawa.

Hanya mafi sauƙi ita ce a rufe idon hagu, ko a manna ɗan tef a kan gilashin tabarau na wannan gefe, yadda 'yan wasan harbi ke yi. A filin horo, inda allo ke tsaye cik yana jira, wannan na aiki sosai. Sai dai ɗan sanda ba ɗan wasa ba ne. Wanda ya rufe ido ɗaya ya toshe wani ɓangare na abin da ke gefensa, kuma a unguwanni masu cunkoso irin su Chow Kit ko Bukit Bintang, abin da ke gefen nan zai iya kasancewa mai talla ne, ko yaro, ko abokin aiki. Haka kuma malaman harbi sun daɗe da lura cewa idan rai ya ga halaka, idanu biyu kan buɗe da kansu, komai yawan horon da aka yi da ido ɗaya. A ranar 17 ga watan Mayun 2024, wani mutum ya auka wa ofishin 'yan sanda na Ulu Tiram a jihar Johor da tsakar dare, ya kashe 'yan sanda biyu, kafin na uku, wanda shi ma ya ji rauni, ya harbe shi. A irin wannan hali ba a samun sukunin tuna wane ido za a rufe.

Shi ya sa malamai da dama suka fi karkata ga hanya mai wuya a farko, mai sauƙi daga baya: kurtu ya bi idonsa, ya mai da bindigar kafaɗar hagu. Hujjarsu ita ce ya fi sauƙi a koya wa yatsa sabon aiki da a sauya abin da ƙwaƙwalwa ta ginu a kai tun ƙuruciya, musamman ga wanda bai taɓa harbi ba balle a ce ya saba da wani gefe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma wannan ma na da nata farashin. Yawancin bindigogi an ƙera su ne domin masu hannun dama, kuma tsohuwar M16A1 takan watso kwanson harsashi mai zafi ta gefen dama, daidai fuskar mai harbi da hagu. Sai a samfurin M16A2 na shekarun 1980 aka ƙara wani ɗan tudu a bayan kafar domin ya kautar da kwanson.

Akwai kuma wani abu da ba ya cikin littattafan horo, wanda Bahaushe zai fahimta nan take. Al'ummar Malay, waɗanda su ne mafi yawa a rundunar 'yan sandan ƙasar, Musulmi ne, kuma da dama suke cin abinci, da ita suke gaisawa, da ita suke karɓa da bayarwa. Abin da Hausawa ke kira bahago, su kidal suke ce masa, kuma kamar a ƙasar Hausa, yaro bahago kan sha gyara tun yana ƙarami har ya koma dama. Saboda haka a cikin kuratan da ke kiran kansu masu hannun dama, akwai waɗanda an mai da su ne, idonsu kuwa na nan a inda yake tun asali. Ga irin waɗannan, komawa kafaɗar hagu kan zo da sauƙin da zai ba su mamaki. Ga sauran kuwa, makonnin farko na cike da tuntuɓe wajen ɗura harsasai da zare ƙugiyar tsaro, a gaban abokan da ke ta wucewa gaba.

Fasaha ta rage kaifin matsalar. A shekarar 1975 kamfanin Aimpoint na ƙasar Suwidin ya fito da madubin saiti mai jan ɗigo, wanda ake amfani da shi da idanu biyu a buɗe: ido ɗaya na ganin ɗigon, ɗayan na ganin fili, ƙwaƙwalwa kuma ta haɗa hotunan biyu. Sai dai irin wannan madubi na da tsada, kuma a ƙasashe masu tasowa an fi ganinsa a hannun rundunoni na musamman. Ɗan sandan da ke sintiri a titi, a Kuala Lumpur ne ko a Kano ko a Yamai, galibi da tsohon saitin ƙarfe yake aiki, irin wanda aka koya masa a makonninsa na kurtu.