Wuƙar Maƙera A Kasuwar Utako: Ƙarfe Mai Kyau, Ciniki Maras Riba

ABUJA — Duk wanda ya shiga layin masu sayar da kayan girki a Kasuwar Utako da ke Babban Birnin Tarayya zai tarar da wuƙaƙe iri biyu. Akwai masu ƙyalli da ƙotar roba, waɗanda ake shigowa da su cikin kwali-kwali, galibinsu daga ƙasar Sin. Akwai kuma baƙaƙe masu ƙotar itace, aikin maƙeran ƙasar nan, waɗanda aka fi gani a tiren 'yan talla a bakin kasuwa da tashoshin mota na Utako da Jabi. Matan gida sun fi ɗaukar masu ƙyallin, amma mahauta da masu tsire da masu kilishi, wato mutanen da wuƙa ita ce jarinsu, da yawansu har gobe ta maƙera suke nema. Abin mamaki shi ne wannan shaida ta masu sana'a ba ta ɗaga darajar wuƙar gida a kasuwa ba.

Utako ba unguwar maƙera ba ce, wurin ciniki ne. Wuƙaƙen suna zuwa ne daga garuruwan da ke kewaye da Abuja da kuma tsofaffin cibiyoyin ƙira irin su Kano da Kaduna. Amma yankin ba baƙon ƙarfe ba ne. A Taruga, kudu maso gabas da Abuja, Bernard Fagg ya tono murafun narkar da tama a shekarun 1960, kuma an ƙiyasta sun haura shekara 2,000. A ƙasar Hausa ma maƙeran baƙi sun daɗe suna dogaro da tamar da ake haƙowa ana narkarwa a gida, har zuwa lokacin da ƙarfen Turai da tarkacen jirgin ƙasa da na motoci suka kashe wannan sana'a a zamanin mulkin mallaka. Tun daga nan ma'adinin maƙeri ya koma bola da garejin makanikai.

Wannan sauyi bai zama asara ga wuƙa ba. Abin da ke sa ƙarfe ya riƙe kaifi shi ne yawan sinadarin kabon da ke cikinsa. Sifirin ɗin babbar mota, wanda shi maƙera suka fi so, yana ɗauke da kabon kimanin kashi 0.6 cikin 100, sau da yawa tare da ɗan kuromiyam, kuma tun asali an yi shi ne don ya tanƙwaru ya dawo ba tare da ya karye ba. Tsohon magagari ya fi shi kabon, yakan kai kashi 1 ko fiye, saboda haka yana ba da kaifi irin na aska, sai dai bakinsa yana saurin ɓantarewa idan ya haɗu da ƙashi. Shi kuwa rodin gini, kabon ɗinsa bai cika wuce kashi 0.25 ba, ko an ƙona shi an tsoma a ruwa sau goma ba zai yi taurin da wuƙa ke bukata ba. Ba maƙeran Nijeriya kaɗai suka gano sirrin sifirin ba. Maƙeran Nepal ma da shi suke ƙera sananniyar wuƙarsu ta kukri.

Samun ƙarfe mai kyau rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne ban-ruwa, kuma a nan ake bambance gwani da ɗan koyo. Bayan an buga ƙarfen da masaba a kan uwar maƙera ya ɗauki siffa, sai a mayar da shi wuta ana zuga har ya yi ja, zafinsa ya kai wajen digiri 800 a ma'aunin Salsiyos. Akwai hanya mai sauƙi ta gane wannan gaɓa, domin a digiri 770 mayen ƙarfe yakan daina kama shi, ko da yake tsofaffin maƙera da ido suke aunawa, shi ya sa suka fi son yin wannan aiki a inuwa. Daga nan sai a tsoma shi cikin baƙin mai ko ruwa. Ruwa ya fi saurin sanyaya ƙarfe, amma yakan tsaga sifirin. Wuƙar da ta fito daga wannan tsomi tana da tauri ƙwarai, kuma tana iya karyewa kamar kwalba, don haka dole a sake ɗumama ta a hankali zuwa wajen digiri 200, har farin ƙarfen ya koma launin busasshen kara. Idan aka bari ya kai shuɗi, taurin ya ragu fiye da kima, wuƙar za ta riƙa dakushewa da wuri. Maƙerin da ke gaggawar cika dozin kafin ranar kasuwa, wannan mataki na ƙarshe shi yake fara tsallakewa.

Kowane aiki kuma da irin wuƙarsa. Mai kilishi yana son doguwa, siririya, wadda za ta shimfiɗa nama fale-fale. Wuƙar fiɗa tana da lanƙwasa a baki don kada ta huda fata, domin fatar da ta huje ta rage kuɗi a wurin majema. Ta mafarauci kuwa tana da kauri a gadon baya saboda saran itace da ƙashi, ana rage mata tauri kaɗan don kada ta karye a daji, kuma ba ta cika sai da kuben da baduku ya ɗinka mata. Irin wannan ba a cika baje ta a cikin birni ba, sautu ake bayarwa.

Ita kuwa wuƙar waje, abin da ta fi ta gida da shi a fili yake: ba ta tsatsa. An yi ta ne da ƙarfen da ke ɗauke da kuromiyam akalla kashi 10.5 cikin 100, wanda Harry Brearley ya samar a birnin Sheffield na Ingila a 1913, wanda kuma a kasuwanninmu ake yi masa kuɗin goro da sunan silba. A cikin irin wannan ƙarfe akwai masu kyau ƙwarai, amma suna da tsada. Mafi yawan masu arahar da ke cika shaguna kabon ɗinsu kaɗan ne, da inji ake yanko su daga falle, kuma kaifinsu ba ya jimawa. Ga uwargida mai yanka albasa da alayyafo, wadda za ta bar wuƙa cikin ruwan wanke-wanke, wannan ya wadatar. Ga mahaucin da zai wuni yana aiki, bai wadatar ba, kuma shi tsatsa ba ta dame shi ba tunda kitsen nama yana shafe wuƙarsa kullum.

To, me ya hana wuƙar maƙera yin kuɗi? Amsar tana cikin abin da mai saye ba ya iya gani. Wuƙar sifirin da wuƙar rodi, idan an wasa su an sa musu ƙota, kamarsu ɗaya a kan tire, kuma dukkansu za su yanke takarda a gaban mai saye. Sai bayan mako guda bambancin zai bayyana. Tunda mai saye ba shi da tabbas, ba zai biya fiye da kuɗin matsakaiciyar wuƙa ba. Wannan kuɗi kuwa riba ne ga wanda ya yi amfani da rodi, faɗuwa ce ga wanda ya sayi sifirin ya ƙona gawayi sau biyu. A hankali sai gwanin ya rage inganci ko ya janye daga kasuwar. Masanin tattalin arziki George Akerlof na Amurka ya yi bayanin irin wannan matsala a 1970 da misalin cinikin tsofaffin motoci, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2001. Bahaushe ya riga ya taƙaita ta da cewa wake ɗaya ke ɓata gari.

Mahauta sun kauce wa wannan tarko ne saboda ba a tire suke saye ba. Kowannensu yana da maƙerinsa, yana faɗa masa irin ƙarfen da yake so, idan wuƙa ta ba da kunya ya mayar da ita. Ciniki ne na sanayya, kuma maƙeri ya san idan ya yi ha'inci sau ɗaya ya rasa layin mahauta gaba ɗaya. Mai saye a Utako ba shi da wannan kariya, musamman a makon Babbar Salla, lokacin da cinikin wuƙa ya fi kowane lokaci a shekara. Magidanci yana sayen wuƙar layya sau ɗaya, daga ɗan tallan da ba zai sake gani ba, saboda haka lokacin da kasuwa ta fi buɗewa shi ne lokacin da wuƙar rodi ta fi yawa.

Ta ɓangaren kayan aiki ma maƙeri yana cikin matsi. Duk da cewa tsohon ƙarfe yana cikin jerin kayan da Gwamnatin Tarayya ta haramta fitarwa waje, masana'antun narkar da ƙarfe na cikin gida, irin na jihohin Legas da Ogun, suna saye da tirela-tirela daga hannun 'yan gwangwan. Su da kilo suke saye, babu ruwansu da sifirin ne ko murfin tukunya, duk rodi zai zama. Wato ƙarfen da zai ba da wuƙaƙe masu kyau yana narkewa ya koma mafi arhar ƙarfe. A watan Janairun 2025 kuma Hukumar Babban Birnin Tarayya ta haramta yawon jari-bola a cikin birni, ta dakatar da kasuwannin panteka na mako biyu saboda satar kayan gwamnati, irin su murafun magudanan ruwa. Matakin yana da hujja, amma ya nuna yadda hanyar samun ƙarfen maƙeri take rataye da zare. Ko sifirin ɗin da aka samu ma ba shi da tabbas, domin wanda ya shekara goma a ƙarƙashin lodi yakan ɓoye ƙananan tsaga da ba sa fitowa sai a wurin ban-ruwa.

Akwai masu ganin cewa farfaɗo da kamfanin ƙarafa na Ajaokuta zai magance wannan. An ba kamfanin Tyazhpromexport na Tarayyar Sobiyet kwangilar gina shi a 1979, kuma har yau babbar tukunyarsa ta narkar da tama ba ta fara aiki ba, ko da yake an kafa Ma'aikatar Bunƙasa Ƙarafa a 2023, aka kuma sa hannu a kan sabuwar yarjejeniyar fahimtar juna da kamfanin na Rasha a 2024. Sai dai ya kamata a lura cewa matakin farko na Ajaokuta, mai tan miliyan 1.3 a shekara, an tsara shi ne don rodi da waya da ƙarafan gini. Ƙarfen wuƙa kasuwa ce ƙarama ta musamman, kuma ɗan kasuwar da zai shigo da sandunansa masu lamba, ya yanka ya sayar wa maƙera da kilo, zai riga Ajaokuta isa maƙera.

Faɗuwar darajar Naira ta buɗe wata ƙofa. Dalar Amurka da ke kusan Naira 460 a farashin gwamnati a watan Mayun 2023 ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairun 2024, abin da ya ɗaga kuɗin duk wani kwalin wuƙa da ya sauka a tashar jiragen ruwa. Otal-otal da gidajen abinci da suka cika Utako da Jabi da Wuse masu saye ne da yawa, kuma masu maimaitawa, irin cinikin da ke sa inganci ya biya. Abin da suke bukata shi ne wuƙa mai suna. Birnin Solingen na Jamus tun 1938 doka ta kare sunansa a jikin wuƙa, har ya zama sunan kansa kaya ne mai kuɗi. A nan gida abin bai bukaci doka ba tukuna. Hatimin ƙarfe guda ɗaya da maƙeri zai buga a gindin wuƙa tun tana da zafi, ɗauke da alamarsa da harafin da ke nuna sifirin ne ko magagari, shi da kansa zai iya ƙera shi cikin wuni guda. Dillalin da ke da shago a Utako, wanda zai karɓi wuƙaƙen maƙera uku ko huɗu masu hatimi, ya yi alkawarin musanya duk wadda ta tsage cikin wata uku, shi ne zai fara iya neman ninkin kuɗin da ake biya a tire.