Uwaye da sabuwar takardar sakamakon yara a Amurka

A lakwal ta Nijar, in an gama jarrabawa, yaro yana kawo takarda gida. Uba yana duba abu biyu: maki nawa ɗansa ya samu, kuma shi ne na nawa cikin aji. Ko wanda bai yi karatu ba yana gane wannan.

A ƙasar Amurka, haruffa aka saba sa wa yara. A shi ne mafi kyau, sai B, sai C, sai D. F kuwa faɗuwa ce. Amma harafi guda yana haɗa abubuwa da yawa: jarrabawa, aikin gida, ladabi, har da zuwa lakwal kan lokaci. Yaro mai ladabi yana iya samun B alhali bai iya rabawa ba wajen lissafi. Uwayensa ba za su sani ba.

A shekarar 2010, jihohin Amurka da yawa suka yarda da tsari guda na abin da ya kamata yaro ya iya a kowane aji, wajen karatu da lissafi. Ƙananan makarantu da dama suka sake takardar sakamako. Sabuwar takarda tana jera abubuwa ɗaya bayan ɗaya: karanta labari da faɗin ma'anarsa, tarawa, ɗebewa, rabawa. Gaban kowane, malam yana sa lamba. Lamba 1, yaro bai kama ba tukuna. Lamba 2, ya kusa. Lamba 3, ya iya abin da ake nema. Lamba 4, ya wuce nan. Ladabi da aikin gida suna da wurinsu dabam.

Nan gardama ta tashi. Uwayen da ɗiyansu suka saba samun A suka ga 3, sai suka ɗauka yaro ya koma baya. Alhali 3 ita ce ake nema. Waɗansu suka ga 2 a farkon shekara, hankalinsu ya tashi, don ba a gaya musu cewa abin da ake aunawa na ƙarshen shekara ne ba. Waɗansu suka ce takardar ta yi tsawo, kalmominta na malamai ne. Wannan kuka yana da gaskiya: takardar da uba bai iya karantawa ba ta yi masa amfani.

A jihar Kentaki, malaman jami'a sun gwada wata dabara. Aka aika wa uwaye takardun biyu tare, tsohuwa da sabuwa, aka tambaye su wadda suka fi so. An fitar da sakamakon binciken a 2014. Mafi yawan waɗanda suka amsa sun zaɓi sabuwa, don tana nuna musu inda yaro ke da rauni.

A manyan makarantun sakandare kuwa, yawanci haruffa ake sawa har yanzu, don su ne jami'o'i ke dubawa wajen ɗaukar ɗalibai.